Yadda Ake Sayen Furosesa da Idon Dillalin Shanu

Laifin da za a hukunta a wannan rubutu shi ne ɓoye wa mai kaya buƙatarka, kuma uwar da ta haife shi ita ce "ai na sani". Wanda aka hukunta ni ne, Alhaji Ya'u, mazaunin Daura, dillalin shanu a kasuwar Mai'adua shekara arba'in da ɗaya. Tunda hukuncin ya riga ya sauka, ban ga dalilin da ilimin da na kwaso zai tafi a banza ba. Saboda haka kai magidanci, gyara zama. Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko guda ba, na ba ka tabbaci za ka sayo furosesa lafiyayye, sabo fil, wanda ba shi da aibi ko ɗaya, sai dai ba shi aka aike ka saye ba. Na gwada da kaina, bai saɓa ba.

Mataki na 1: Ka ƙwace aikin daga hannun wanda ya iya

Furosesa wani ɗan ƙarfe ne da bai fi kwalin ashana faɗi ba, shi ke yin tunani a cikin akwatin kwamfuta. Iyakar abin da kake buƙatar sani ke nan. Duk wanda ya so ƙara maka bayani, ka duba agogo, ka ce kana sauri.

'Yata Zubaida ta koyi tace bidiyo, tana yi a ɗakin da ke bayan zaure. Ƙananan ayyuka take samu, suna da walima, na minti goma ko sha biyar. Sai ga Hajiya Shatu mai atamfa ta ba ta bikin 'yarta gaba ɗaya: kwana biyar na shagali, kyamara biyu. Sharaɗi guda ta gindaya. Ranar Juma'a bayan la'asar matan dangin ango da suka zo daga Damagaram za su taru a gidanta su kalla, don Asabar da sassafe za su wuce da amarya. Ta kuma ce wa Zubaida, idan aikin ya yi kyau, duk bikin matan ƙungiyarsu ya zama nata.

Tsohon furosesan Zubaida ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Na kwance bijimin da nake turka wa kaina na sayar. Har zuwa nan ni uba ne na gari, kuma da na tsaya a nan da ba ka samu abin karantawa ba.

Ranar Litinin ta yafa mayafi za ta shagon Onuora mai kayan kwamfuta. A daidai nan ne za ka miƙe.

"Ke za ki je ciniki, ina raye?"

"Baba, ba ciniki ba ne. Sunan abin zan faɗa ya miƙo mini."

"Haka ake cutarku. Ni da nake gane shekarun sa tun daga tafiyarsa, ɗan ƙarfe ne zai gagare ni? Koma ciki."

Ta koma. Tarbiyya ce, kuma tarbiyyar nan ita ta cuce ta.

Mataki na 2: Ka karɓi takarda, ka binne ta a hula

Za ta rubuta maka sunan abin a takarda, haruffa haɗe da lambobi kamar lambar tirela. Ka karɓa da hannun dama, ka ce to. Da ka fita ƙofar gida ka ninke ta huɗu ka tura cikin hula. Kada ta sake ganin rana.

Dalili kuwa: a kasuwar shanu, wanda ya nuna abin da ya zo saye ya gama faɗuwa. In jan sa kake so, baƙi za ka fara taya. Ka zagaya shi, ka buɗe bakinsa, ka yaba ƙahonsa, sannan can kana shirin tafiya ka waiwaya ka ce, "Wancan jan ramammen fa, nawa?" Wannan ƙa'ida ta ciyar da gidana shekara arba'in. Ban taɓa tambayar kaina ko tana aiki a wajen da ba a sayar da abu mai wutsiya ba. Kai ma kada ka tambaya.

Mataki na 3: Idan an tambaye ka aikin da zai yi, ka yi ƙarya

Wannan shi ne ƙashin bayan darasin, ka buɗe kunne.

Na naɗe akwatin kwamfutar a bargo, na ɗaure a bayan babur, na kai shagon. Onuora shekararsa ashirin da biyu a Daura, Hausa a bakinsa ta fi ta wasu jikokina tsafta. Ya ba ni kujera, ya tambayi gida da kasuwa, sannan ya ajiye kwali biyu a kan tebur.

"Baba Alhaji, su biyun nan ne za su hau allon da ke cikin akwatin nan. Na hagu 'yan ƙwadago goma sha shida ne a cikinsa. Kamar gayya ce: ka ba su gona, su raba kunyoyi, kafin azahar sun tashi. Shi masu tace bidiyo da masu zane ke nema, don aikinsu yana rabuwa. Na dama shida ne kawai, amma kowannensu ɗan gudu ne. Shi gem, wato wasan kwamfuta, ba ya son taro, wanda zai amsa masa nan take yake so. In gem ne, na dama ya ishe ka, kuma ya fi sauƙi. In aiki ne mai nauyi, na hagu. To wane aiki za a yi da shi?"

Ka lura da kyau: mutumin ya gaya mini gaskiya tsirara, da misalin gona, yadda ko ɗan akuya zai fahimta. Amma ni abin da kunnena ya ji daban ne. Na ji mai kaya yana laluben inda buƙata take matsa ni. Na tuna yadda kuɗin san noma ke tashi da saukar ruwan farko, saboda mai shi ya san garma na jira. Na ce a raina, da zarar ka ce aiki, ka ce biki, ka ce Juma'a, ya kama ka a wuya. Abin wasa kuwa ba wanda ke tsauwala masa kuɗi. Bari in fara taya baƙin sa.

Na gyara babbar riga na ce, "Gem za a yi."

Onuora ya cire tabarau.

"Gem, Baba Alhaji?"

"Gem."

"Wa zai buga?"

"Ni. Likita ya ce in riƙa motsa yatsu."

Mataki na 4: Kada ka bari mai kaya ya cece ka

Zai yi ƙoƙari. Mutanen kirki ba sa rasa wannan hali, kuma dole ka fi shi taurin kai.

"Amma akwatin nan ba na Zubaida ba ne? Ni na haɗa mata shi bara."

"Ta bar mini."

"Ba ta ba ka wata takarda ba?"

A lokacin takardar tana jiƙewa da zufa a tsakiyar kaina. Na ce, "Ni na yi kama da ɗan aike?"

"A'a, Baba. Ko in buga mata waya, minti ɗaya?"

"Onuora, da ni kake ciniki ko da 'yata?"

Ya ɗaga hannu biyu ya ce Allah ya ba da haƙuri. Sai ya faɗi kuɗin na dama. Niyyata tun farko in taya shi, in ja ciniki, sannan in waiwaya in ce, "Wancan na hagun fa?" To da na ji kuɗin, ya yi ƙasa sosai da abin da Zubaida ta ce in riƙe, sai daɗi ya rufe mini ido. Na ce ashe dabarata ta ci tun kafin in kai ga waiwaye. Na dubi kwalayen biyu, girmansu ɗaya. Na ɗaga kowanne na auna a tafin hannu, nauyinsu ɗaya. Na ce a raina, mutum shida majiya ƙarfi ai sun fi ragwaye goma sha shida, kowa ya ga yadda ake gayya, rabi aiki rabi jiran fura.

"Na saya."

"Na sallama, Baba. Allah ya sa albarka."

Mataki na 5: Ka nemi gyara

Dillali ba ya tashi ba gyara. Na matsa masa har ya ƙara mini da fanka mai fitilu, wadda in ta juya sai ta yi ja, ta yi kore, ta yi shuɗi, kamar motar ɗaukar amarya. Ya ɗaura komai ya rufe akwatin. Na hau babur ina jin kaina kamar wanda ya sayi raƙumi a kuɗin tunkiya.

Mataki na 6: A gida, ka kare kuskurenka da murya

Zubaida ta kunna, ta shiga wani wuri ta karanta, sannan ta juyo gare ni.

"Baba, wannan ba shi na rubuta ba."

"Ya fi wanda kika rubuta. Dubi fitilu."

"Na masu gem ne, Baba. Ba wai ba zai yi ba, zai yi, amma a hankali. Idan na gama yanka da jerawa, sai kwamfuta ta dafa bidiyon gaba ɗaya ta fitar da shi. Da wanda na rubuta, ba zai kai awa uku ba. Da wannan, awa biyar ne, kuma ba a katsewa."

Ka san wutar unguwarmu: da hantsi take zuwa, ta yi awa uku ta kama gabanta. Ko ni da na tsaya a aji uku na gane biyar ba ta shiga cikin uku. Amma ganewa daban, amsawa daban. Na miƙe tsaye na jero mata karin magana uku a kan haƙuri da biyu a kan raina na gaba. Mai ɗakina Lami tana bakin murhu, ba ta juyo ba ta ce, "Alhaji, duk cikinsu wanne ne zai ƙara mana awa biyu na wuta?"

Idan aka yi maka irin wannan tambaya, ka tafi alwala.

Mataki na 7: Ka koma shagon, amma ka tabbata taubashinka yana can

Talata Zubaida ta yini tana yanka bidiyo, hoton yana tafiya yana cijewa. Na leƙa sau biyu na ga amarya ta ɗaga ƙafa ta kasa saukewa. Laraba da safe zuciyata ta karye. Na ce mata, "Zan je in gyara." Na ɗauki ragowar kuɗin bijimi na nufi shagon da niyyar gaskiya, Allah shaida ne.

Ina shiga na tarar da Abbas zaune a kujerar da na zauna, ya kawo gyaran waya. Abbas taubashina ne, kuma dillali ne a kasuwa ɗaya da ni. Shekara goma da suka wuce ya sayi saniya a hannuna, kwana biyu ya dawo da ita wai tana tari. Na tsaya a tsakiyar kara, gaban jama'a, na ce ciniki in an ce an sallama ya mutu, ba a tono shi. Tun ranar yake jirana.

"A'a! Sarkin Gem da kansa! Ya yatsun? An ce likita ya rubuta maka sau uku a rana, bayan cin abinci."

"Kai dai tsufa bai hana ka gulma ba."

"Me ya dawo da kai? Kada dai ka ce mayar da kaya ka zo yi. Kai? Ya'u?"

Onuora, Allah ya saka masa, ya rage murya ya ce, "Baba Alhaji, in akwai matsala a canja. Na hagun yana nan, guda ɗaya ya rage. Ka cika abin da ke tsakani kawai."

Ga ƙofa a buɗe, ga kuɗi a aljihu, ga kwalin ina kallonsa. Kalma ɗaya ta rage. Abbas ya ajiye waya ya tallafe haɓa yana murmushi.

Na ce, "Matsalar me? Abin da ake riƙewa a buga gem ɗin na zo saye."

Haka na fito da hannun gem, wani baƙin abu mai ƙaho biyu da maɓallai, na ɓoye shi cikin riga. A gida na ce wa Zubaida, Onuora ya ce a dawo gobe. Alhamis da ta gaji da gobe ta buga masa waya da kanta. Ya ce ai jiya da yamma Harisu mai situdiyo a hanyar Sandamu ya sayi na hagun, wani kuma sai mako mai zuwa. Ya kuma tambaye ta jikin Baba, da fatan yatsun sun yi sauƙi.

Mataki na 8: Ka tausaya wa injin

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Baba, a samo janareta. In na fara ƙarfe goma na safiyar Juma'a, ƙarfe uku na gama. Za mu tsira da ƙyar." Na yi hayar janareta a maƙwabta, na sayi galan guda na fetur. Ƙarfe goma ta danna, wani koren layi ya fara rarrafe a fuskar kwamfutar.

Wajen ƙarfe ɗaya layin ya wuce rabi. Ta tashi za ta taya uwarta tuƙin tuwo.

"Baba, don Allah, don Annabi, kada ka taɓa komai. Ido kawai."

"Ni yaro ne?"

Tana fita na matsa kusa. Fankar nan tana huci, fitilu na juyawa kamar za su tashi sama. Na kai hannu bayan akwatin, iska mai zafi ta buge ni. Yanzu kai ka yi mini adalci. Mutum shida aka ba aikin mutum goma sha shida, awa uku ba ruwa ba inuwa. Ni na jawo musu. Duk wanda ya taɓa riƙe garma ya san in sa ya fara irin wannan haki da tsakar rana, kwance shi ake yi, ya huta, a ɗora daga inda aka tsaya. Wanda bai kwance ba, fata zai kai gida.

Na zare wayar wutar kwamfutar daga bango. Fankar ta yi shiru. Na buɗe taga, na ɗan yi masa fifita da hula. Janareta kuwa na bar shi yana ruri, tunda kuɗin yini na biya, shi ya sa daga madafa ba wanda ya ji an canja komai. Na tafi masallacin Juma'a da zuciya fara, ina jin na yi aikin lada. Niyyata in na dawo in mayar.

Na tsaya gaisawa da mutane, sai biyu da rabi na shigo. Na tarar da Zubaida zaune, wayar a hannunta, koren layin ya koma farko.

"Ba ya ɗorawa daga inda ya tsaya?"

"Ba garma ba ce, Baba."

Mataki na 9: In aka zo neman mai laifi, ka dubi ƙasa

Bayan la'asar Hajiya Shatu ta zo da kanta, ko zama ba ta yi ba.

"Alhaji, mata arba'in na gidana sun zuba wa farin bango ido. Surukaina na tambaya ko haka ake kallon bidiyo a Daura. Ina aikina?"

Na buɗe baki zan ce injin ne ya gaji. Zubaida ta riga ni.

"Laifina ne, Hajiya. Ban gama ba. Ki yi haƙuri."

"Na ɗauka kin girma, ashe da saura. Ba ni hotunana."

Zubaida ta miƙa mata ma'ajiyar hotunan da hannu biyu. Ni kuwa, mai faɗa a ji a kara, na tsaya ina nazarin takalmina har motar Hajiya ta bar layin. Wannan mataki shi ya fi sauƙin yi, kuma shi ya fi daɗewa a ƙirji. Aikin ya koma hannun Harisu, ya gama, aka aika Damagaram bayan amarya ta kwana huɗu a ɗakinta.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya ga abin da ya gani, ba ruwana, ba ruwan zuriyata. Kada a zo mini zaure da ƙorafi, kada a tare ni a kasuwa. Onuora ba shi da laifi, furosesa ba shi da laifi, har yau yana aikinsa lafiya ga wanda zai iya jira. Wanda ya ce in ɗauki nauyin asararsa, ya bari in gama sauke tawa, ga ta:

Bijimi ɗaya, fari, mai tozo.

Galan guda na fetur, wanda kusan rabinsa ya ƙone yana ba wa bango wuta.

Bikin 'yar Hajiya Shatu, da bukukuwa bakwai na matan ƙungiyarsu da suka biyo baya, duk Harisu ya kwashe.

Sunana. Daga Daura har Mai'adua, har Fulanin da ba su san mene ne gem ba, Sarkin Gem suke kirana.

Kwana goma sha ɗaya 'yata tana durƙusawa ta gaishe ni, ta tashi ba ƙarin kalma. A na goma sha biyu na sa hula na je gidan Hajiya Shatu na faɗi gaskiya tun daga likita har fifita. Ta yi dariya har aka kawo mata ruwa. Ta ce za ta ba Zubaida bidiyon suna idan amarya ta haihu, da sharaɗin a kulle ni a wani gari ranar.

Na ƙarshe kuma, da babbar salla ta matso na shirya zan je sayen ragon layyar gidana. Ina tayar da babur Lami ta leƙo daga zaure ta ce, "Alhaji, dakata Zubaida ta sa mayafi ta raka ka."

Na kashe babur na jira.